Mangwaron Bayan Ɗakin Inna

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance, ba da saninta ba. Na aike ta ta samo mini zogale ina sha'awar kwaɗo, sai ga ta da wata 'yar leda an ƙulle bakinta, ganyen ya yi laushi har ya fara baƙi. Wai a wani kanti ta sayo a Tarauni, har tana yi mini alfahari an ce mata wankakke ne. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin bishiyar zogale a tsaye. Ta ce ta gani a waya. Ban yi mata faɗa ba, don ba laifinta ba ne. A ina za ta gani? Duk gidan da ka shiga yanzu, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku, tun daga soro har bakin banɗaki siminti ne ko tayil, ko tsinken ciyawa ba a bari ya leƙo. Na karɓi ledar na ajiye a gefe. Kwaɗon da ban yi ba ke nan ranar, na wuni ina tunanin mahaifiyata da yayana.

A zamanin da nake magana, Gyaɗi-Gyaɗi bakin gari ce. In ka fito ƙofar gidanmu da damina ka dubi gabas, dawa da gero ne har inda idonka ya tsaya. Tarauni 'yan gidaje ne a tsakiyar gonaki, Hotoro kuwa daji muke ce mata, can ake zuwa yin itace. Ba ƙarar janareta ke tashinmu daga barci ba. Abin da ke tashina kullum shi ne ƙarar guga tana dukan ruwa a cikin rijiya, da nishin Inna tana ja, da kukan kurciyoyi a kan mangwaro. Kafin rana ta taɓa kan katanga an gama ban-ruwa, ƙasa ta jiƙe tana wani ƙamshi da har yau ban same shi a kwalbar turare ba. Daga nan sai daka ya ɗauka a maƙwabta, gida bayan gida, ka san gari ya waye.

Mahaifinmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya sayi filin tun ba mai sonsa, ya gina ɗakuna a gaba ya bar baya fetal, da niyyar in hali ya samu ya ƙara gini. Inna ba ta jira halin ba. Ita 'yar ƙauye ce daga wajen Wudil, 'yar masu noman rani a bakin kogi, kuma kulle bai raba ta da fartanya ba. Tunda ba za ta fita gona ba, sai ta jawo gonar cikin gida. Baba yakan ce shi mata ya je nema aka haɗa shi da manomi, ita kuma ta ce ai bai taɓa mayar da miyar ba. Ta yi dangar kara saboda awaki, ta yanka fangali-fangali a bayan ɗakinta. Nan alayyafo, can rama da yakuwa, kuɓewa a jikin katanga, tumatir da tattasai da attaruhu kusa da rijiya. Zogale shi ne ya kewaye wajen gaba ɗaya. Ayaba tana can inda ruwan wanka ke kwarara, gwanda kuwa ba a ma shuka ta, duk inda muka tofar da 'ya'yanta nan take fitowa, Inna ta zaɓi wadda za ta bari.

Ba mu san sayen kayan miya ba, in ban da gishiri da daddawa da manja. Inna tana ɗora tukunya za ta ce in shiga baya in karyo kuɓewa, kafin ruwa ya tafasa na dawo da ita cike da ƙwarya, hannuna yana ƙaiƙayi. Wanda bai taɓa tsinkar tumatir da ɗumin rana a jikinsa ba, ya goge a zane ya gatsa da ɗan gishiri, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Wannan na kwali da ake sayar mana yanzu, mai kyan ido, ruwa ne kawai a cikin fata. Kuma abin bai tsaya a bakinmu ba. Mai jego a layinmu ta san za a kai mata zogale, mai zazzaɓi ya san lemun tsami na nan tafe, yaran unguwa sun san ranar da za a kaɗa gwaiba. Ni ce 'yar aike, kullum da ƙwarya a ka, ina fita da ganye ina dawowa da godiya, wani lokaci da ɗan ƙuli-ƙuli a ƙasan ƙwaryar.

Aikin kuwa ba wasa ba ne, kada wani ya ɗauka daɗi ne zalla. Na ja guga har tafin hannuna ya yi kanta. Na kwashi kashin awaki da na kaji na barbaɗa, na bi ganye ɗaya-ɗaya ina zuba toka saboda tsutsa, ina ƙunƙuni. A gidanmu ba a zubar da ruwa a banza. Na alwala, na wankin shinkafa, na ɗaurayar kwano, kowanne da inda ake kai shi. Inna tana da dokokinta waɗanda ba a tambayar dalilinsu. Ba a ban-ruwa da tsakar rana, wai dafa saiwa ake yi. Ba a tsinkar zogale daga sama. In kuwa ta ga na kumbura baki, sai ta ce in ajiye ƙwaryar in je in huce tukuna, kada in taɓa mata kuɓewa da fushi. Iri kuma tana adana shi a gwangwanayen madara, ta cakuɗa da toka ta rataye a ɗaki. Da maƙwabciyarmu Maman Chidi, matar wani mai gyaran rediyo, suka gudu kudu lokacin yaƙin basasa, Inna ta ci gaba da shuka ugu, wani ganyen miyarsu da ta ba ta, alhali ba ma cinsa sosai. Ranar da suka dawo ta miƙa mata irinsa ta kan katanga, matar ta riƙe hannunta tana kuka.

Amma manyan bishiyoyin ba na miya ba ne. Kowanne na ɗa ne. Duk haihuwar da Inna ta yi, in ta gama wanka, sai ta dasa bishiya a inda aka binne cibiyar jaririn. Gwaiba tawa ce. Lemun tsami na ƙanina ne da ƙyanda ta ɗauke tun bai yi wayo ba. Sai mangwaron da ke daidai bayan ɗakinta, wanda ya fi kowa girma, inuwarsa ta rufe rabin gidan. In an tambaye ta na wa ne, sai ta ce tsirowa ya yi da kansa. Kowa ya yarda, don kowa ya san babban yayanmu, Yaya Kabiru, a ƙauye aka haife shi, gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

'Yan yanzu da ke rungume ɗan fari a gaban surukai suna kiran sunansa da ƙarfi ba za su gane wannan ba. A wancan lokaci mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma ana yabon mace da ita. Inna ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa da na sani. Ana yaye Yaya kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa cikin birni, bai dawo gidanmu ba sai da ya isa shiga babbar makaranta. Ya dawo ya tarar da uwar da ba ta dubansa. In ya shigo gaisuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya, ta ci gaba da tsince shinkafa. In za ta ambace shi sai ta ce yayanku. In ba shi da lafiya ita ce za ta dama kunu da hannunta, amma ni za ta ba in kai, in na dawo ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko ya sha, tana kallon wani wajen.

Wata safiya ciwon ciki ya tashe ni da wuri, na zagaya baya. Ina dawowa ta jikin danga sai na ga Inna ta jawo gugar farko, ta wuce fangalan duka, ta je ta juye a gindin mangwaron. Ta dafa jikinsa da tafin hannunta. Sai na ji ta ce, da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba:

"Kabiru, ka kwana lafiya?"

 Ta ci gaba da magana a hankali. Ta ce ta ga ya rame kwanan nan, ya riƙa cin abinci. Ta ce ba ta son wannan abokin nasa mai busa sigari. Ta ce ta ji tarinsa jiya. Da ta juyo ta gan ni, wallahi sai da na ji tausayinta, kamar na same ta ba zane. Ta ja ni gefe ta zaunar, ta gaya mini abin da ko Baba bai sani ba. Ranar da guntun cibiyar Yaya ya faɗi a ƙauye, ta ɓoye shi a gefen zaninta. Da ta dawo ɗakinta ta haɗa shi da ƙwallon mangwaro ta binne a bayan ɗaki, ba wanda ya gani. Aka ɗauke mata yaron, bishiyar ta zauna. Ta ce nan kaɗai take iya buɗe baki.

"Muddin ina numfashi kada in ji wannan a bakin kowa," in ji ta. "Har shi."

Na yi mata alkawari. Daga ranar na fara ganin abubuwan da da ban lura da su ba. Inna ba ta taɓa shan 'ya'yan mangwaron nan ba. Wanda ya fara nuna kowace shekara ita take tsinkowa da kanta, ta wanke, ta ɗora a kan murfin kwanon Yaya ba tare da ta ce komai ba. Shi kuma ya ɗauka aikina ne, sau da yawa a ƙofar gida yake miƙa wa yara. Lambun ma haushi yake ba shi. Ya taɓa tsayawa a tsakar gida yana kallonta tana cire wa tumatir busasshen ganye a hankali, ya ce mini da ƙarfi yadda za ta ji, a gidan nan gara mutum ya zo duniya a bishiya. Inna ba ta ɗago ba. Ni kaɗai na ga hannunta ya tsaya.

Baba ya rasu, Yaya ya zama uban gida. Ba a daɗe ba soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, gari ya ɗauki zafi. Motoci masu lasifika suna ratsa layinmu suna tayar da kaji, tutoci a kan kowace bishiya, wa da ƙani suka daina cin abinci a kwano ɗaya saboda jam'iyya. Mutane sun ɗauka da an rantsar da sababbin shugabanni komai zai zama sabo, duk abin da ya yi kama da ƙauye kuma abin kunya ne. Yaya ya ajiye aikin akawu ya bi wani babban ɗan siyasa, Allah ya sa suka ci zaɓe. Nan da nan sai ga babbar riga, sai ga mota, sai ga mutane cike da soronmu tun da safe. Zan faɗi gaskiya a kansa, bai fara da kansa ba. Abin da ya fara nema shi ne kujerar Makka, kuma Inna ya nemar wa. Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Tarauni, ita ya turo ta faɗa mata, shi yana tsaye a bakin ƙofa yana saurare. Inna ta ce a ce masa Allah ya yi albarka. Ya daɗe a tsaye ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba, sai washegari da asuba na ji ta a gindin mangwaro tana kuka tana yi masa godiya.

Matar da ba ta taɓa wuce Wudil ba za ta hau jirgin sama, amma ba jirgin ne damuwarta ba. Ana gobe za ta tashi ta zagaya da ni lambun tana nuna mini abin da na riga na sani. Damina ta ɗauke ke nan, kuɓewa tana kan ganiyarta, yakuwa ta yi ja. Ta ce kada in bar awakin maƙwabta su ga hanya. Ta ce gugar farko ta mangwaro ce, kada in manta. Na ce ba zan manta ba.

To, al'ada ce in alhaji ya tafi a gyara masa gida kafin ya dawo. A yi shafe, a yi fenti, a zana jirgin sama a bangon waje a rubuta barka da zuwa. Gidan da bai yi ba an raina mai tafiyar. Goggo ta tasa Yaya a gaba. Ta ce yanzu shi ba ƙaramin mutum ba ne, matan manya za su zo yi wa uwarsa sannu da zuwa, a ina za a shimfiɗa musu tabarma, cikin taɓo da warin taki da sauro? Ba da mugunta ta faɗa ba, haka kowa yake gani a lokacin. Ni dai abin da aka gaya mini shi ne za a yi fenti, in koma wajen Goggo da kwana har warin ya fita. Na koma, amma kullum da sassafe sai in ratso gonaki in zo in yi ban-ruwa in koma.

Wata safiya tun daga nesa na ji sarar gatari. Ban kawo komai a raina ba sai da na shawo kwanar layinmu na ɗaga kai. Inda na saba ganin duhun ganye a saman rufinmu, sarari ne fayau. Na shiga da gudu. An cire danga, an tattake fangalan, kuɓewa da tumatir sun cakuɗe da ƙasa a ƙarƙashin ƙafafun leburori. Gwaibata tana kwance, lemun tsami yana kwance. Mangwaron ya faɗi ya cika gidan, ana datsa rassansa. Maman Chidi ta taka turmi ta leƙo ta kan katanga, muryarta har ta dushe, tana ta ce musu su bari mai abu ta dawo, su bari mai abu ta dawo. Ba wanda ya kula ta. Kurciyoyi suna ta kewaya sama ba su san inda za su sauka ba.

Yaya yana tsaye a kan tulin yashi ya naɗe hannun riga. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba. Da ya ga ina kuka sai ya yi dariya, ya ce ni ma an shafa mini ciwon ganyen. Ya ce tun yana yaro yake ganin matar nan tana jan guga kamar baiwa, yanzu ya isa. Zai jawo mata famfo, zai shafe gidan da siminti tas, ta dawo ta zauna a kujera a kawo mata duk abin da take so daga kasuwa. Sannan ya rage murya, ya ce da ni kaɗai:

"Wannan karon dai za ta dube ni."

 Alkawari yana wuyana, bishiyar kuma tana ƙasa, ba maganar da za ta tayar da ita. Na tsaya ina kallo magini ya ce sai an tono saiwar duka, in ba haka ba za ta fasa simintin nan gaba. Suka wuni suna tono. Aka rufe rijiya da falanki aka shafe. Kafin alhazai su fara dawowa, gidanmu ya zama fili fari mai santsi, ba inuwa ko ta tafin hannu, in rana ta take sai ka sa takalmi kafin ka ratsa shi.

Ranar da Inna ta dawo motoci suka cika layi. Ta sauko cikin fararen kaya, ta rame, da haƙorin Makka a bakinta, mata suna rangaɗa guɗa. Aka rako ta ta soro har tsakar gida. Ina riƙe da jakarta, don haka ina kusa da ita lokacin da ta ɗaga ido ta dubi bayan ɗakinta. Ta tsaya cak. Mata suna ta cewa Hajiya kin ga aiki, Hajiya kin haifi ɗa, Hajiya sai godiya. Goggo ta jawo Yaya ta tsayar da shi a gabanta, yana murmushi kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.   Inna ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya yi albarka, aka amsa da amin, ta wuce ɗaki. Ba ta dube shi ba. Na ga murmushin ya bushe a fuskarsa, ya juya ya fita wajen baƙinsa. Da yamma, da mutane suka ragu ina raba dabino da ruwan zamzam a ƙananan kofuna, ta kira ni ta yi mini tambaya ɗaya tak.

"Har saiwar suka cire?"

Na ce har ita. Ta gyaɗa kai, ta ce in ci gaba da aikina.

Famfon ya yi 'yan watanni yana kawo ruwa, daga nan ya koma tsaki da iska. Muka fara sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, a gidan da ke da rijiya a ƙarƙashin ƙafarmu. Muka fara aike kasuwa a sayo kuɓewa. Inna ba ta daina tashi da asuba ba, sai dai ba abin yi. In ta yi alwala sai ta ɗauki ragowar ruwan butar ta zagaya bayan ɗaki ta tsiyaye a daidai wajen, a kan siminti, ruwan ya gangara ya bi kwata. Ta ɗan tsaya, ta dawo. Na sha laɓewa ina saurare, amma ban sake jin sunan a bakinta ba. Goggo ta fara raɗa wa mutane wai zafin Makka ya taɓa Hajiya. Maman Chidi kuwa, da ta ga abin ya yi yawa, ta tono wani ɗan mangwaro da ya tsiro a gidanta daga ƙwallon namu, ta sa a gwangwani ta miƙo ta kan katanga. Inna ta yi mata godiya sosai, ta ce ta bar shi a wajenta, nan ba ƙasa.

Yaya bai gane ba, kuma ta ina zai gane? Ya riƙa aiko da kwandunan lemo da ayaba, lokacin mangwaro ya aiko da mafi tsada a kasuwa. Inna ta sa a raba wa maƙwabta. Ya kawo likita, likita ya ce bai ga komai ba. Sai ya ɗauka ƙiyayya ce kawai, ya rage shigowa, in ya zo ya gaisar daga bakin ƙofa ya juya. Ba a jima ba soja suka dawo suka kwashe 'yan siyasa, ubangidansa ya tafi kurkuku, motar ta tafi, soronmu ya koma wajen kwanan awaki. Simintin ne kawai ya zauna, shi ma ya fara tsagewa. Inna ta yi ta ƙanƙancewa a kan tabarma, ba ciwon da za ka nuna. Ta rasu da bazara, lokacin da mangwaro ya cika gari har ana tattaka shi a bakin titi.

Ban ga laifin kowa ba, har yau. Yaya ya yi abin da ɗa nagari yake yi a idon mutanen lokacinsa. Inna ta yi abin da aka koya mata mace ta gari tana yi. Abin da ke ci mini rai shi ne, gida ɗaya suke, tsakaninsu taku kaɗan, kowanne yana neman ɗan'uwansa. Gidan ma yanzu babu shi. Magada sun sayar, an yi jerin shaguna, daidai bayan ɗakin Inna wani yaro ne ke sayar da kayan waya. In na wuce a mota nakan dubi wajen, jikokina su ɗauka shagon nake kallo. Yaya shi ma ya daɗe da bin Inna. Ni kaɗai na rage da na san akwai rijiya a ƙarƙashin wajen, da abin da aka taɓa binnewa a gefenta.

Amma na gaya masa. Bayan an share makokin Inna, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, na fito da safe na same shi zaune a kan tabarma a bayan ɗakin Inna, don nan ne kaɗai katanga ke ba da 'yar inuwa. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan. Na kawo masa koko na ajiye, zan juya ya ce in zauna. Ya daɗe yana juya ludayi. Sannan ya ce shi fa har yanzu bai san abin da ya yi wa matar nan ba. Ya kai ta Makka, ya gyara mata gida, ya yi duk abin da ya san ana yi, amma ta koma ga Allah ko sau ɗaya bai ji sunansa a bakinta ba. Ya ce in gaya masa tsakani da Allah, tunda ni ce 'yar ɗakinta, ko ta taɓa ambatonsa.

Alkawarin da na ɗauka na muddin tana numfashi ne. Na ce masa kullum take ambatonsa. Na gaya masa zancen guntun cibiya da ƙwallon mangwaro, da gugar farko, da wanda ke ɗora nunannen fari a kan murfin kwanonsa. Na gaya masa ta san ranar da ya rame da ranar da ya yi tari. Bai katse ni ba. Ya tambaye ni a ina bishiyar take daidai, don shi ya manta. Na ce a kai yake zaune.

Ya janye gefen tabarmar a hankali ya dubi simintin. Akwai wani ɗan tabo a wajen, inda ruwan butarta ya saba sauka.

"Me take cewa?"

"Takan dafa shi ta ce, Kabiru, ka kwana lafiya?"

Ya ɗora tafin hannunsa a kan tabon. Ya daɗe a haka, kokon yana hucewa a gefensa.

"Lafiya lau, Inna," ya ce. "Lafiya lau na kwana."